Yadda nake gwajin ciwon hanta ta dasashi ga masu wankin ƙoda

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani sashen wankin ƙoda a Sakkwato. Jijiyar hannun majinyacinmu dukiya ce, domin da ita likita zai haɗa hanyar da jini zai riƙa bi zuwa na'ura. Shi ya sa idan sabon majinyaci ya zo, hannu duk tabon allura, ga ƙarancin jini, nakan fara da tsinken OraQuick, wanda ke neman garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ƙwayar ciwon hanta nau'in C.

Tambaya nake fara yi: "Baba, ka ci goro? Ka yi asuwaki?" Idan ya ci ko ya sha wani abu, sai mu jira minti 15. Idan ya kurkure baki da magani, minti 30. Dattawanmu ba sa lissafa goro a cikin abinci, don haka sai ka ambace shi da sunansa.

Ba miyau ake nema ba, ruwan da ke tsatsowa daga dasashi ne. Masu wankin ƙoda bakinsu a bushe yake saboda an taƙaita musu ruwa, amma kada ka ba su ruwa don a samu danshi. Ɗaga leɓe, ka goga faffaɗan bakin tsinken a dasashin sama sau ɗaya, na ƙasa sau ɗaya, a hankali, musamman ga wanda aka yi wa maganin hana jini daskarewa. Tsoma shi cikin 'yar kwalbarsa, ka duba agogo. Ana karantawa tsakanin minti 20 da 40. A jikin tsinken akwai alamomi biyu, C da T, inda layi ke fitowa. Layi a C kaɗai, ba a ga garkuwar ba. Layi a C da T, ko da dishi-dishi ne, an gani. Babu layi a C, gwajin ya lalace, a sake.

Zafin garinmu ma abin kula ne. Ana ajiye kayan tsakanin digiri 2 da 30, a watan Afrilu kuwa Sakkwato na haura 40. Kwalin da ya yini a mota ba na amfani da shi.

Layi biyu ba ya nufin ƙwayar na nan yanzu. Wasu jikinsu ya kore ta da kansa, sai gwajin jini na PCR, mai neman ƙwayar kanta, ya tabbatar. Idan tana nan, akwai maganin sha na mako 8 zuwa 12 da ke warkar da mafi yawan mutane. Layi ɗaya ne ya fi sa ni taka-tsantsan. Garkuwar masu ciwon ƙoda tana da rauni, kuma sabon kamu yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana, don haka muna maimaitawa duk wata shida. Nau'in B kuwa tsinken nan bai san da shi ba. Jini ake ɗauka, kuma a ranar wanki daga bututun na'ura nake ɗiba, ba sai na sake soka wa Inna allura ba.