Yadda Garin Bakin Teku Zai Karɓi Masu Yawon Buɗe Ido Ba Tare da Ya Rasa Kamanninsa Ba

Abin da ke jawo baƙo zuwa ƙaramin garin bakin teku shi ne abin da yawan baƙi ke fara cinyewa: rairayi mai faɗi, kwale-kwalen masunta a jere, gidajen da ba su tare iska ba, da mutanen gari suna harkokinsu. Tun a 1980 masani Richard Butler ya bayyana yadda abin ke tafiya. Baƙi ƙalilan su gano wuri, 'yan gari su buɗe ƙananan masaukai, masu jari daga waje su shigo, wuri ya cika ya tumbatsa, daga nan ya tsaya cik ko ya fara lalacewa. Garin da ba ya son wannan makoma sai ya kafa iyakokinsa kafin a haƙa harsashin otal na farko. Tun ran gini ran zane. Da zarar an zuba kankare, kowace sabuwar doka shari'a za ta zama a kotu.

A fara da rubuta wa ke amfani da ina

Kafin a saurari kowane mai jari, a zagaya gaɓar da masunta, mata masu sarrafa kifi, dattawa da ma'aikacin safiyo. A sa a taswira wurin da jiragen masunta ke sauka, inda ake shanya taru, inda ake banda kifi, hanyoyin ƙafa, rijiyoyi, maƙabarta da wuraren ibada. A yi zagayen lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa, a kuma maimaita a wani yanayi na shekara, don masaukar jirage takan sauya da iska. Sannan a mayar da taswirar doka. Filin da kowa ke amfani da shi amma babu mai takardarsa shi ake fara rasawa, kuma ranar da masunta suka rasa masaukarsu, garin ya tashi daga garin kamun kifi ko da gidajensa suna nan.

Layin da gini ba zai tsallake ba

Ba daga bakin ruwa a ranar da teku ke kwance ake aunawa ba. Ana aunawa daga iyakar da igiyar ruwa ke kaiwa lokacin guguwa, wadda galibi takan yi daidai da inda ciyayi masu daɗewa suka fara. Faransa ta hana gini a cikin mita 100 daga gaɓa a wajen birane ta dokar 1986, Sifaniya ma ta ware mita 100 a dokarta ta 1988. Amma mita 100 mafari ne kawai. Lissafin da ya dace shi ne a ninka yawan mitocin da teku ke ci a shekara da shekarun da ake so ginin ya yi, sannan a ƙara rarar guguwa. Idan teku na cin mita 2 a shekara, ana kuma son otal ya yi shekara 50, to mita 100 sun riga sun tafi kafin a yi maganar guguwa.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Mai otal ya baje tudun yashi don baƙinsa su hangi ruwa daga ɗaki, alhali tudun ne rumbun da rairayi ke ɗiba bayan kowace guguwa. Ruwa ya matso, sai ya gina katanga. Katanga na mayar da ƙarfin igiya baya, igiyar kuma ta kwashe yashin da ke gindinta. Sai ya jera duwatsu zuwa cikin teku don ya tare yashi, yashin da ya tare kuwa na maƙwabcinsa ne da ke gaba, shi ma sai ya jera nasa. A ƙarshe sai an sayo yashi. Cancún ta Meziko ta yi haka bayan guguwar Wilma ta 2005, ta kuma sake yi bayan 'yan shekaru, domin yashin da aka zuba ba ya zama. Saboda haka a haramta ɗibar yashin gini daga gaɓa baki ɗaya, a bar tudu da ciyawarsa, a ɗora gadar katako a kai don masu wucewa.

A sa hanyoyin shiga a cikin dokar. A Sifaniya, a yankunan da aka gina, tazarar da ke tsakanin hanyoyin ƙafa zuwa teku ba ta wuce mita 200. Rairayin da doka ta ce na kowa ne amma katangun otal suka rufe hanyarsa, na otal ne.

Ruwa ne ke yanke yawan gadaje

Tambayar ba ita ce baƙi nawa ake so ba. Baƙi nawa ruwan garin zai ɗauka? Wani bincike da aka wallafa a 2001 kan Zanzibar ya nuna baƙo ɗaya na cin kimanin lita 685 a rana, ɗan gari kuma ƙasa da lita 50. Lambu da wurin ninkaya da wankin zannuwan gado ne ke kawo wannan tazara.

A bakin teku ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa. Duk mita 1 na ruwan daɗi da ke sama da matakin teku, akwai kimanin mita 40 a ƙasa. Idan burtsatsen otal ya sauke matakin da rabin mita, gishiri zai hauro da kusan mita 20, rijiyoyin gari kuma su lalace tare da na otal. Rijiyar da gishiri ya shiga kan ɗauki shekaru ba ta dawo ba. Don haka a sa mitar auna ruwa a kan kowane burtsatse, a fitar da kason gari da na ƙaruwar jama'arsa tukuna, abin da ya rage a raba shi da bukatar gado ɗaya. Adadin da ya fito shi ne iyakar lasisi.

Ruwan ƙazanta ma haka. Shaddar da aka haƙa a yashi tana tsiyaya kai tsaye zuwa teku, gansakuka ta yi yawa, murjani ya mutu. Tsibirin Boracay na Filifins an rufe shi wata 6 a 2018 saboda irin wannan. Kada a ba otal izinin buɗewa sai an gwada injin tace ƙazantarsa yana aiki, ba a takarda ba.

Tsayin gini

Wannan mai sauƙi ne idan an yi shi da wuri. Bali ta Indonesiya ta ƙayyade mita 15, kwatankwacin tsayin bishiyar kwakwa. A tsibirin Lanzarote na Sifaniya, mai zane César Manrique ya yi fafutukar gajerun fararen gidaje da hana allunan talla a bakin hanya. Benidorm ta Sifaniya kuwa ta zaɓi dogayen benaye. Ta tara ɗimbin baƙi a ƙaramin fili, amma ƙauyen masuntan da ke wurin ya zama tarihi. Kowanne zaɓi ne, sai dai a yi shi da ido buɗe.

Gidajen 'yan gari

A nan ne garuruwa da yawa ke faɗuwa bayan sun kare rairayinsu. Mai gida ya ga hayar kwana bakwai ga baƙo ta fi hayar wata ga malamin makaranta, sai ya sallami malamin. Masu kuɗi daga nesa su sayi gidajen hutu da ke kulle mafi yawan shekara. Ma'aikatan otal su koma bayan gari, makaranta ta rasa ɗalibai, shagon kayan masarufi ya koma na tsaraba. Gine-ginen suna nan da fentinsu, masu garin sun tafi.

A wajabta rajistar duk gidan da ake ba baƙi haya ta intanet, a sa iyaka unguwa-unguwa. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga mai ba da gidansa ba tare da izini na musamman ba. A St Ives da ke Ingila, jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa sabon gida sai mazaunin dindindin. Darasin shi ne dokar ba ta taɓa tsofaffin gidaje ba, don haka ƙofar nan ta kasance a buɗe ga masu sayen gidan hutu. A rufe duka biyun. Kowane babban otal kuma ya gina wa ma'aikatansa wurin kwana a matsayin sharaɗin lasisi.

Masu filaye su ba da haya, kada su sayar. Yarjejeniyar shekara 25 ko 30 da ake sabunta kuɗinta duk shekara 5 tana barin fili a hannun iyali. Kuɗin sayarwa kan ƙare, darajar filin kuwa tana hauhawa a hannun wani.

Kuɗin da zai zauna a gari

Baƙon da ya biya jirgi da ɗaki da abinci a dunƙule tun daga ƙasarsa ba ya fita ƙofar otal, kuɗinsa ma ba ya fita. A fifita ƙananan masaukai, a rage lasisin otal-otal masu karɓar kuɗi a dunƙule. A sa haraji a kan kowane dare, kamar yadda tsibiran Baleriya na Sifaniya suka yi a 2016, a zuba shi a asusu na daban don ruwa da shara da gyaran gaɓa, a riƙa bayyana lissafinsa ga jama'a. Idan ana so otal ya sayi kifin gari, sai masunta sun sami ƙanƙara da wurin ajiya, kuma a rubuta biya cikin mako guda. Otal kan jinkirta biya wata ɗaya ko biyu, mai kwale-kwale kuwa yana bukatar kuɗin mai gobe da asuba.

Aune-aunen da za su tsayar da lasisi

A kafa turaku a gaɓa, a auna faɗin rairayi daga gare su duk wata 3. A gwada gishirin rijiyoyi duk wata. Idan kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, ya kai miligiram 250 a lita, ana jin ɗanɗanonsa. A riƙa kwatanta kuɗin hayar ɗaki da albashin ƙaramin ma'aikaci, a ƙidaya yaran da ke shiga aji ɗaya da jiragen da ke fita su. Tun farko a rubuta a doka cewa idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsallake iyakarsa, ba da sabon lasisi ya tsaya kai tsaye, ba sai an zauna taro ba. Tailan ta jira har murjanin Maya Bay ya lalace, ta rufe wurin a watan Yunin 2018, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022, kuma da sharaɗin jirage ba za su ƙara shiga mashigin ba.