Tsohuwar talabijin mai kwalba: kurakuran da ke kashe ta a hannun sabon mai gyara

Da zarar mutum ya samu tsohuwar talabijin, abin da yake fara yi shi ne ya jona ta da wuta ya ga ko tana kamawa. Na gaji da ganin wannan ganganci. Talabijin da ta shekara 40 ko 50 a ajiye, kafasitocinta (ƙananan kayan da ke tara cajin wuta) masu ruwa a ciki sun bushe, na takarda da kakin zuma da ake sawa a shekarun 1950 kuwa yoyon wuta suke yi. Ka sakar musu cikakkiyar wuta lokaci ɗaya, sai su ja ta fiye da kima, abin da zai ƙone kuma shi ne taransifoma, wadda an daina ƙera irinta tuntuni. Haka na rasa wata baƙi-da-fari mai kyau: ta yi ƙugi, wari ya tashi, kafin hannuna ya kai soket taransifomar da ke ɗaga wutar kwalba, wato babban bututun gilashin da fuskarsa ce allon, ta dahu. Har yau ban samu madadinta ba, kafasitocin da suka jawo asarar kuwa ba su kai kuɗin komai ba.

Tun daga nan ba na kunna kowace sai na canza kafasitocin takarda da manyan na sashen wuta. Sannan in ratsa wutar ta cikin kwan fitila mai zare na wat 100, ba LED ba. Idan kwan ya haska ya dushe, da sauƙi. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai gajeriyar hanya a ciki, sai in kashe nan take.

Kuskure na biyu ya fi muni, don shi ranka yake nema. Talabijin mai kala tana aiki da kusan volt 25,000, kwalbar kuma tana riƙe caji kwanaki bayan an zare fulogi. Kana ganin ka cire waya shi ke nan, sai ka cusa hannu? Haba malam! Sauke cajin tukuna: ɗaura waya a jikin sukundireba mai mariƙin roba, ka maƙala ɗaya bakin wayar a ƙarfen jikin injin, ka zura tsinin a ƙarƙashin robar nan da ke manne a bayan kwalba, ɗayan hannunka yana aljihu. Ni ina maimaitawa bayan ɗan lokaci, don cajin yakan dawo. Da yawa daga cikin tsofaffin ma ƙarfen jikinsu a haɗe yake da wutar gida kai tsaye, don haka ba na taɓa su a kunne sai da taransifomar da ke raba su da layin. Kada ka ɗauki kwalba ta wuyanta, wato siririn ɓangaren bayanta. Babu iska a cikinta, idan ta fashe gilashi watsuwa yake yi.

A wajen kimanta daraja, mutane suna ɗaukar tsufa shi ne kuɗi. Masu tarawa suna neman irin RCA CT-100 ta 1954, wadda aka sayar dala 1,000 tana sabuwa, ko Philco Predicta ta 1958 mai allo a saman akwati. Masu wasannin bidiyo na da kuma suna bin Sony Trinitron. Manyan akwatunan shekarun 1970 an yi su da yawa, ga nauyi, mai saye kaɗan ne. Farashin da wani ya rubuta a intanet buri ne kawai, ka nemi nawa aka saya da gaske. Kafin ka biya, a gwada ƙarfin kwalbar da na'urar gwaji, domin idan ta mutu sauran aikin duk a banza ne.

Sai masu goge katako da samfefa su shafa sabon fenti. Wallahi abin yana min ciwo, rabin darajar ke nan ta tafi. Tsumma mai laushi da ɗan man katako sun isa. Maɓallan murɗawa na asali da marfin baya, ka adana su ko sun tsage.

Kada ka canza bawul-bawul (ƙananan kwalaben gilashin da ke sarrafa sigina) duka, galibi lafiyarsu ƙalau. Kada ka murɗa ƙananan sukurorin saiti na cikin nadin waya, dawo da su sai da kayan awo. Ɗauki hoto kafin ka cire kowace waya.

Idan ka gama allon ya nuna yayyafi kawai, ba lallai ta lalace ba, wataƙila irin siginar da take kamawa ce aka daina watsawa. Birtaniya ta rufe tsohon tsarinta na watsa hoto mai layi 405 a 1985, manyan tashoshin Amurka sun koma dijital a 2009. Sai ka nemi ƙaramar na'urar da ke maida hoton bidiyo siginar eriya, wadda ta dace da tsarin talabijin ɗinka, NTSC ko PAL. Mai layi 405 kuwa tana buƙatar na'urar sauya tsari tata daban.