Kafin ka sayi ciki da falo a benayen Akra

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai son sayen ciki da falo a sababbin benayen nan na unguwar Osu, kada ya je dubawa da rana kawai. Ka koma daren Juma'a, ka tsaya cikin ɗakin, ka rufe tagogi ka saurara. Ni na yi haka kusa da Oxford Street, ƙarfe goma sha ɗaya kiɗa na girgiza gilashi, na ce a kai kasuwa.

Sai takarda. Ka sa lauya ya bincika filin a Lands Commission, wato hukumar filaye ta Gana, kuma ya faɗa maka shekara nawa suka rage a yarjejeniyar filin, don ba mallaka ce ta har abada ba. Wanda ba ɗan Gana ba, doka ba ta ba shi fiye da shekara 50.

Abin da ke kayar da mutane shi ne kuɗin hidima na wata-wata: mai gadi, shara, man janareta. Ka tambaya da sidi ne ko da dala, a rubuce. Ka buɗe famfo, ka ga tankin ruwa da idonka, ka tabbatar mitar ECG, wato kamfanin wutar lantarki, taka ce kai kaɗai. In da hali, ka leƙa wurin ajiye motoci a watan Yuni bayan an sheƙa ruwa.