Idan Maganin Ciwon Damuwa Ya Taɓa Maka Gani ko Ji

Da farko ka duba sunan maganin a jikin kwalinsa, domin kowane rukuni da irin tasa illar. Amitriptyline yana kasalar da tsokar da ke daidaita ido wajen duban abu na kusa, shi ya sa rubutu ke yin dishi-dishi, baki kuma ya bushe. Sertraline, fluoxetine da venlafaxine sukan faɗaɗa baƙin ido, sai haske ya riƙa kashe maka ido. Wasu kuma su ji ƙugi a kunne ko su yi mafarkai masu kama da gaske. Da trazodone, jefi-jefi akan ga inuwar abu tana bin sa bayan ya wuce.

Ka rubuta ranar da abin ya fara, awa nawa bayan shan ƙwaya, da ko an ƙara maka yawanta kwanan nan. Wannan takardar ta fi wa likita amfani da dogon bayani. Yawancin waɗannan illolin suna lafawa cikin mako 1 zuwa 2, don haka kada ka yi saurin canza tabarau. Tuƙi dai a bar shi har gani ya washe.

Babban kuskure shi ne yanke maganin kwatsam. Cikin 'yan kwanaki sai jiri ya taso, da wani fizga a kai kamar wutar lantarki ta ja ka, musamman in ka juya ido. Paroxetine da venlafaxine sun fi kawo wannan saboda suna saurin fita daga jini. Likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, sau da yawa cikin mako 4 ko fiye, wani ma watanni.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ido ya yi ja yana ciwo, kana ganin zobe kewaye da fitila, ga amai: ruwan cikin ido ne ya toshe, kuma yana iya makantarwa. Gane-gane da ruɗewa tare da zazzaɓi, gumi da karkarwar tsoka, musamman in an haɗa maganin da tramadol, alamar serotonin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ne ya yi yawa. Dattijon da ya rikice a makonnin farko kuwa, a gwada gishirin jininsa. Duk waɗannan a tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, da kwalayen duk magungunan da ake sha.