Kunun zaƙi da tsiro: yadda za ki sa dawa ta fito da sukarinta da kanta

Da zarar Sha'aban ya kama a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, gidan da kika leƙa sai kin ga an shanya zirri'a a tsakar gida ana shirin hilu-mur, abin shan azumi na mutanen nan. Mu Hausawa tsiro muke ce mata, kuma da ita iyayenmu suke kunun zaƙi tun sukari bai zama abin kowa ba. Ƙanwata ta ishe ni a WhatsApp wai ita kullum nata kunun sai ya fito kitif kamar koko, ba zaƙi sai ta antaya sukari, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Ki fara da tsiron, don shi ne mai aikin. Ki samu dawa mai kyau wadda ƙwari ba su huda ba, fatarita ko wadda kike da ita, ki wanke ki jiƙa ta kwana. Da safe ki tsane ta ki baza a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ki rufe da wani, ki riƙa yayyafa ruwa safe da yamma amma banda jagab, in ruwa ya kwanta funfuna za ta yi. Kwana 3 zuwa 4 za ki ga saiwa da ɗan toho sun fito. Sai ki shanya a rana ta bushe ƙarau, ki murje tsakanin tafukan hannu ki sheƙe. Wannan murzar don Allah kar a yi mata ganganci, tohon dawa da saiwarta suna ɗauke da wani sinadari da ake ce wa dhurrin a Turance, mai sakin gubar sayanayid, shi ya sa makiyaya ba sa barin dabba ta ci ƙaramar shukar dawa. Ƙwayar muke so. Ki niƙa ki ajiye a roba mai murfi.

To me ya faru a kwanakin nan? Cikin ƙwayar dawa sitaci ne fal, shi kuma sitaci sukari ne, gulukos, aka jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar carbi mai dubban 'ya'ya, tsawonsa ya sa harshe ba ya jin zaƙinsa. Da ƙwayar ta sha ruwa ta farka tana son abinci, sai ta ƙera wani inzayim mai suna amilas, aikinsa kawai ya bi carbin nan yana tsinkawa guntu-guntu har ya koma sukarin da ake ji a baki. Irinsa na cikin yawunmu, ki tauna kisra, wainar dawan nan mai faɗi, ki daɗe ba ki haɗiye ba ki ji yadda take ɗan zaƙi. Shi inzayim ba ya ƙarewa a aikin, ya yanka nan ya koma can, don haka tsiro kaɗan ke narkar da tukunya guda. A 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fara ware shi daga tsiron sha'ir suka sa masa suna diyastas, kakanninmu dai ba su san sunan ba amma sun san aikin.

Yanzu kunun. A nawa awon, kofi 5 na dawa ko gero, kofi 1 na garin tsiro. Ki jiƙa hatsin ya kwana, ki markaɗa da citta da kanumfari da ɗan masoro. In da dankalin Hausa a kusa ki fere ɗaya ki markaɗa shi ɗanye ki haɗa da garin tsiron a kwano daban, shi ma yana da nasa amilas ɗin mai yawa, irin mai gutsiro daga bakin carbi, wanda dama tsiron dawa bai cika wadata da shi ba. Ki tafasa ruwa ki sheƙa a kan ƙullun kina juyawa har ya dahu ya yi kauri. Dole ya dahu, ɗanyen sitaci a ƙulle yake, sai zafi ya kumbura shi ya buɗe sannan amilas ke samun wurin kamawa.

Nan ne kowa ke faɗuwa, har ni. Shekarar da na fara yi ni kaɗai ina gaggawa, kunun na tururi na juye tsiron a kai, na rufe na tafi ina jiran abin mamaki. Na dawo bayan la'asar na tarar da shi yadda na bar shi, ludayi na tsayawa a ciki. Goggona da ta zo mana daga Mai Wurno ta leƙa ta ce, “Ke 'yar nan kin dafa tsiron ai, wa zai yi miki aikin?” Gaskiyarta. Inzayim furotin ne, dogon zare ne da aka naɗe shi a wata siffa ta musamman mai ɗan rami daidai inda sitaci zai shiga, zafin tafasa kuwa warware naɗin yake. Kamar farin ƙwai ne, in ya dahu ya dahu, ba ya komawa ruwa ko kin sa shi a firji.

Saboda haka ki sauke ki bar shi ya sha iska. Mai ma'aunin zafi ta jira ya sauko wajen digiri 60 zuwa 65. Marar shi, ni dai tafin hannu nake ɗorawa a jikin tukunya, in na iya ƙirga biyar kafin in janye to ya yi. Kar kuma ki bari ya huce sarai, a sanyi amilas bai mutu ba amma tafiyar hawainiya yake. Ki zuba haɗin tsiron ki juya sosai, ki rufe ki lulluɓe da tsohon bargo. Ki tsaya ki kalla ma kafin ki rufe, abin sha'awa ne wallahi, kaurin nan sai ya fara saki a ƙarƙashin ludayi cikin 'yan mintoci, ba ki ƙara ko ɗigon ruwa ba.

Mai yara 'yan makaranta ta gwada musu wannan: ki ɗebi cokali ɗaya kafin ki sa tsiro, wani bayan awa biyu, ki ɗiga aidin na ciwo a kowanne. Na farkon zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi, na biyun launin ya ragu sosai don sitacin ya tsittsinke. Ki zubar da su, ba na sha ba ne.

Daga nan ki bar shi ya kwana, ƙananan halittu irin masu sa nono tsami su ci ɗan sukarin su ba shi tsami-tsamin nan mai daɗi. Da asuba ki tace da rariya mai laushi ki sa a sanyi. A zafin garin nan kar ya wuce kwana ɗaya a waje, don yis ma yana son sukarin nan, in kika bar masa hanya marisa, wato giya, zai nufa da shi, a'uzu billahi. In ba wuta ko firjin ya ƙi, ki sake tafasa shi bayan tacewa, yanzu kam amilas ya gama aikinsa ba asara, ki yi daidai wanda za a shanye a buɗa-baki.