Ƙofar bas mai zamewa: kurakuran da ke cinye dogo da 'yan tayoyi

Da zarar azumi ya kama, ko jiragen alhazai suka fara sauka a Jidda, aikin da ya fi shigowa warsharmu, wato garejinmu da ke nan Jidda, bayan na birki da na'urar sanyi shi ne ƙofar gefe. Hiace ce ko H1 ko Staria, kukan direba ɗaya ne: ƙofa ta yi nauyi, tana gurnani, ko ba ta kamawa sai an maka ta. Motar da ke jigilar masu Umra daga masauki zuwa Harami, buɗewar da ake yi wa ƙofarta a yini guda ta fi wadda motar gida ke gani a mako.

Ƙofar nan a kan dogo uku take tafiya, kowane dogo da hannun ƙarfe mai 'yan tayoyi da ke haɗa shi da ƙofar. Ɗaya a sama ƙarƙashin rufi, ɗaya a tsakiya a jikin bodi ta waje, ɗaya a ƙasa ƙarƙashin matakala. Galibi na ƙasa da na tsakiya ne ke ɗauke da nauyi, na sama kuwa riƙo kawai yake yi don kada kan ƙofar ya yi waje. Kowane dogo ta gaba ya lanƙwasa ciki, kuma wannan lanƙwasar ce ke jawo ƙofa ta shige ta yi daidai da bodi. Wurin matsattse ne, domin masu ƙera mota ba sa son dogo ya ci wurin ƙafar fasinja ko tsawon rufi. Shi ya sa 'yan tayoyin ƙanana ne, kuma kuskuren 'yan milimita ya isa ya hana ƙofa rufuwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne giris. Direba ya ji ƙara, sai ya debo baƙin giris, wanda a nan ake ce wa shaham, ya lafta cikin dogon ƙasa. Kwana biyu ƙofa ta yi shiru, ya ji daɗi. Sai motar ta bi hanyar Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400 cikin sahara, ko guguwar ƙura ta taso, yashi ya manne a giris ɗin ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Duk buɗewa yana cin robar taya, yana cin dogo. Wani dattijo ya kawo mini tasa a haka, na sa yatsa na kwaso masa abin da ke ciki. Ya ce, "Yaro, ai ni gata na yi mata." Na ce, "Baba, gatan ne ya kwantar da ita." Gyaran ba wuya: a share dogo tas da burushi da tsumma, a fitar da tsakuwa da ƙwallon dabino da murfin gora da fasinja ke zubarwa, sannan a fesa man silikon mai bushewa. Farin giris kaɗan, wurinsa makulli da gaɓar hannun tsakiya. Man feshin nan WD-40 yana wanke datti, amma ba ya daɗewa a matsayin mai.

Sai masu zuwa wajen mai injin sassaƙa ƙarfe a yanko musu taya ta zallan ƙarfe, wai ta fi ƙarko. Ta fi ƙarko kam, amma a kan me? Da gangan aka lulluɓe tayar asali da roba mai tauri, don ita ta riƙa cinyewa, dogo ya tsira. Taya kuɗinta kaɗan ne, noti biyu ko uku ka kwance ta. Dogon ƙasa kuwa a motoci da yawa haɗe yake da bodi, in ya yi rami sai yanka da walda da fenti. An tsere wa kashe riyal kaɗan, an faɗa aikin mai gyaran bodi. Haka in aka sassaƙo tayar ta ɗara ta asali girma, a miƙaƙƙen wuri za ta tafi lafiya, tana isa lanƙwasa ta cije. In ta gaza, ƙofa ta sauka ta riƙa kaɗawa a hanya. Wanda bai sami sabuwa ba, gara ya nufi tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ya ciro ta mota irin tasa. Ya dai tabbatar da samfurin: Hiace da aka fara fitarwa a 2004 da wadda ta fito a 2019 ba jiki ɗaya ba ne.

Canza taya ɗaya a bar sauran ma asara ce. In ta ƙasa ta mutu, ta tsakiya ta daɗe tana ɗaukar kayan da ba nata ba. A duba su duka rana ɗaya.

Inda bakanike da kansa ke tafka kuskure shi ne saiti. Ƙofa ta ƙi kamawa, sai ya tafi kai tsaye ga ƙarfen da makulli ke cafka a jikin ginshiƙi, ya sassauta, ya buga da guduma har ta kama. Ta kama ɗin, amma yanzu makulli ne ke ɗaga ƙofar da ta sauka duk lokacin da aka rufe, kuma ba aikinsa ba ne. Wata uku sai ga shi ya lalace. Daga tayoyi ake farawa. A tallafe ƙofar da jak da guntun katako, a zana alama kewaye da kowane noti kafin a sassauta shi, don a san inda aka taso. Hannun ƙasa ke saita tsayin gaban ƙofa, na tsakiya ke saita bayanta, na sama ke shigo da kanta ko fitar da shi. In tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta yi daidai sama da ƙasa, layin jikin mota ya haɗu, sannan a koma kan makulli da 'yan turakun da ke shiga ramukansu a ginshiƙi. Ƙofar da ta saitu, hannu ɗaya ke rufe ta.

Hannun da ya lanƙwashe, kada a gasa shi da wuta a miƙe. Zafin yana kashe boris, kusurwar kuma ba ta komawa yadda take. A canza shi.

Mu na Jidda muna da ƙarin matsala da na Makka ba su cika sani ba: raɓa da gishirin Bahar Maliya. Akwai ƙananan ramuka a gindin ƙofa da kewayen matakala da ruwa ke tsiyayewa ta ciki. In laka ta toshe su, tsatsa ta ciki take farawa. Masu wankin mota kuma su daina saita bakin tiyo mai ƙarfi kan tayoyin, yana tura ruwa cikin boris.

A ƙarshen dogo akwai abin tokare da ke riƙe ƙofa in an buɗe ta gaba ɗaya. Wasu na cire shi in ya fara taurin kai. Makka gari ne na hawa da gangara, kuma ƙofar da ba ta da riƙo, in mota ta tsaya kanta a ƙasa, da gudu take dawowa, daidai lokacin da wata hajiya ke saukowa da hannunta a ginshiƙi. Mai ƙofar lantarki kuma, in ta tsaya a rabi, kada ya fizge ta. Igiyar ƙarfe ce ke jan ta a kan ƙaramin gangan inji, fizga na warware ta ko ta tsinke. Ya kashe lantarkin ƙofar da maɓallin da ke kusa da sitiyari, ya tura ta a hankali, ya leƙa dogon ƙasa tukuna. Sau da yawa tsakuwa ɗaya ce.