Yadda Ake Duba Tsokar Jiki a Ƙarƙashin Madubin Likita da Fahimtar Aikinta

Tsokar da ke manne da ƙashi, wadda mutum ke motsa ta da nufinsa, ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin jikin namiji baligi, kuma akwai irinta fiye da 600 a jikin ɗan Adam. Ɗalibai da yawa suna haddace sunayen sassanta tun ba su taɓa sa ido a kansu ba, shi ya sa sunayen ba sa zama a kai. A ganina ya fi kyau a fara da gani, sannan suna ya biyo baya. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne, idan aka zo ga ƙananan sassa, tsarin tsokar saniya ko ta kaza ɗaya ne da na mutum, saboda haka ɗan yankin nama daga wurin mahauci ya isa a yi darasin.

Za ka buƙaci ɗanyen nama sabon yanka wanda ba a sa masa gishiri ko yaji ba, da gilashin ɗora samfuri tare da siririn murfinsa, da allura biyu, da reza, da ruwan gishiri mai gram 9 na gishiri a lita ɗaya, da ɗigon rinin shuɗin metilin idan ɗakin gwaje-gwajen yana da shi. Ka wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama, musamman na kaza.

Kafin ka kunna madubin, ka tsaya ka dubi naman da idonka. Za ka ga wata farar yana mai sheƙi da ta lulluɓe tsokar gaba ɗaya, wadda ake kira efimisiyom. A ƙarƙashinta naman ya rabu dami-dami, kowane dami da tasa yanar mai suna ferimisiyom, kuma waɗannan dammunan ne suke warwarewa silli-silli idan ana dambun nama. A cikin kowane dami akwai zaruruwan tsoka, kowane zare naɗe da yana mafi siranta, wato endomisiyom, wadda ƙananan hanyoyin jini ke ratsawa. Yanar nan uku suna haɗuwa a ƙarshen tsokar su zama igiya mai tauri da ke ɗaure ta da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya, kuma ta wannan hanya ne ƙarfin kowane zare yake isa ga ƙashi.

Yanzu ka yanko ɗan abin da bai wuce milimita biyu ko uku ba, kana bin tsawon zaren, kada ka gitta shi. Ka ɗora shi a kan gilashin cikin ɗigon ruwan gishiri, ka danne gefe ɗaya da allura, ka yi ta tsefe shi da ɗaya allurar har sai ya rabu zuwa zaruruwan da ido ke gani da ƙyar. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu koyo suke gaggawa. Idan samfurin ya yi kauri haske ba zai ratsa shi ba, sai dai a ga jan duhu kawai. Idan kuma ya bushe, zaruruwan za su yamutse. Ka ɗiga rinin kaɗan, ka jira ɗan lokaci, sannan ka saukar da murfin a karkace, gefe ɗaya ya fara taɓa ruwan, don kada kumfar iska ta maƙale a ciki. Ka fara da ƙaramin ruwan tabarau har ka sami gefen samfurin inda zare ɗaya ko biyu suka ware, sannan ka koma kan mai lamba 40, wanda tare da na ido mai lamba 10 yake girmama abu sau 400. Ka rage buɗewar ramin hasken da ke ƙarƙashin teburin madubin, domin haske mai yawa yana wanke ratsin da kake nema.

Abin da zai bayyana shi ne dogayen zaruruwa kwance kusa da juna, ba su da rassa, kaurin kowanne tsakanin maikiromita 10 zuwa 100, maikiromita kuwa ɗaya ce daga dubu na milimita. Kowane zare ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ko da yake tsawonta na iya kai santimita da dama. Idan rinin ya kama, za ka ga cibiyoyin ƙwayar masu yawa jere a gefe, dab da fatar zaren. Dalilin yawansu shi ne tun ɗan tayi yana ciki ƙananan ƙwayoyi da yawa suka haɗe suka zama zare ɗaya. Sai kuma babban abin nema, wato ratsi-ratsi masu duhu da masu haske da suka gitta zaren a jere. Da waɗannan alamomi ake bambance shi da tsokar zuciya, wadda ita ma tana da ratsi amma zaruruwanta na da rassa kuma cibiyarta a tsakiya take, da kuma tsokar hanji da ta hanyoyin jini, wadda ba ta da ratsi ko kaɗan.

Wanda ya fahimci ratsin nan ya fahimci tsoka. Cikin kowane zare cike yake da ƙananan zaruruwa masu kaurin maikiromita ɗaya zuwa biyu, kowannensu kuma jerin ƙananan ɗakuna ne da ake kira sakomiya. Sakomiya tana farawa daga wani siririn layi da ya gitta ƙaramin zaren, mai suna layin Z, zuwa layin Z na gaba, tsawonta maikiromita biyu da ɗan wani abu idan tsoka tana hutawa. Daga kowane layin Z siraran sanduna na furotin aktin suna miƙewa zuwa tsakiya, a tsakiyar kuma kaurara na furotin mayosin suke kwance, kowane mai kauri yana kewaye da sirara shida. Wurin da mayosin yake shi ne ratsi mai duhu da ake kira A, wurin da aktin yake shi kaɗai shi ne ratsi mai haske da ake kira I, a tsakiyar A kuma akwai yankin H inda aktin bai kai ba. Madubin haske, irin wanda kake amfani da shi, ba ya iya raba abubuwan da kusancinsu ya gaza maikiromita 0.2, saboda haka ratsin za ka gani, sandunan kansu sai da madubin ilektron, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka ɗauki takarda ka zana sakomiya ɗaya da hannunka tun hoton yana gabanka.

A shekarar 1954 rukuni biyu na masu bincike, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a ɗaya ɓangaren, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗayan, suka nuna cewa idan tsoka ta tsuke, faɗin ratsin A ba ya canzawa, ratsin I da yankin H ne suke raguwa. Ma'anar wannan ita ce sandunan ba sa gajarcewa, zamewa suke yi a kan juna. Kawunan mayosin suna kama aktin, su ja shi zuwa tsakiya, su saki, su sake kamawa a gaba, kamar yadda mai jan guga a rijiya yake sauya hannu a kan igiya ba tare da ya saki duka biyun a lokaci guda ba. Don ka gwada fahimtarka, ka sake zana sakomiyar a tsuke ƙarƙashin zanen farko. Idan mayosin ɗinka ya fito gajere a zane na biyu, sai ka sake.

Mataki na gaba shi ne bin saƙon da ke sa tsoka ta tsuke, daga jijiya zuwa sandunan, kuma ya fi kyau a koye shi a jere yadda yake faruwa. Jijiyar motsi da ta taso daga laka tana sakin sinadarin asetilkolin a mahaɗarta da zaren. Sinadarin yana kama masaukansa a fatar zaren, sai motsin lantarki ya tashi ya bi fatar, ya nutsa ciki ta wasu ƙananan bututu da ake kira T. Bututun suna jingine da ma'ajiyar kalsiyam da ta kewaye ƙananan zaruruwan, sai ma'ajiyar ta buɗe. Kalsiyam ya kama furotin troponin, shi kuma ya kawar da tropomayosin da ke tare wuraren kamun da ke jikin aktin, daga nan mayosin ya sami hanya. Idan saƙo ya tsaya, wani sinadari yana wargaza asetilkolin nan take, a mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa, tsoka ta saki. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne sakin ma yana cin kuzari, domin kan mayosin ba ya rabuwa da aktin sai sinadarin ATP, mai ɗauke da kuzarin da ƙwayar halitta ke amfani da shi, ya hau shi. Shi ya sa gawa take sandarewa sa'o'i kaɗan bayan mutuwa idan ATP ya ƙare, kuma mahauta sun san naman dabba yakan yi tauri bayan yanka kafin daga baya ya yi laushi.

Jijiya ɗaya tare da zaruruwan da take umarta su ne rukunin motsi. A tsokar da ke juya ido jijiya ɗaya tana riƙe da zaruruwa kaɗan ne, a sha-raɓa kuwa tana iya riƙe fiye da dubu, kuma jiki yana ƙara ƙarfi ne ta hanyar tayar da ƙarin rukunoni.

Idan kana da dama, ka ajiye ƙirjin kaza da cinyarta gefe da gefe. Cinyar ta fi duhu saboda zaruruwanta masu jimiri ne, cike da mayoglobin mai riƙe iskar oksijin da mitokondiriya masu yawa, wato sassan ƙwayar halitta masu samar da kuzari, alhali ƙirjin fari ne saboda zaruruwansa na gaggawa ne, suna ba da ƙarfi na ɗan lokaci su gaji. Tantabara da ke doguwar tafiya a sama ƙirjinta ja ne. A jikin mutum nau'o'in biyu a gauraye suke cikin tsoka ɗaya, sai dai yawan kowanne ya bambanta daga tsoka zuwa tsoka.

Sanin jerin matakan da saƙo ke bi daga jijiya zuwa sandunan yana taimaka wa ma'aikacin lafiya ya gane inda matsala ta faɗa. Wasu magungunan feshin ƙwari da manoma ke amfani da su suna hana wargaza asetilkolin, sai tsoka ta yi ta karkarwa sannan ta kasa. Dafin wasu macizai na dangin kumurci yana toshe masaukan asetilkolin, har tsokar numfashi ta tsaya. Shan inna kuwa tana kashe jijiyoyin motsi ne a cikin laka, tsokar da ta rasa jijiyarta sai ta rame.

Daga nan sai ka nemi shiryayyen samfurin tsokar mutum da aka yanka a gicciye aka rina da hematoksilin da iyosin, irin wanda ake ajiyewa a sashen nazarin sassan jiki. A lafiyayyar tsoka za ka ga zaruruwa ruwan hoda masu kusurwoyi, girmansu kusan ɗaya, manne da juna, cibiyoyinsu masu launin shuɗi-shuɗi suna gefe. Idan cibiyoyi da yawa sun koma tsakiya, alama ce ta zaruruwan da suka lalace suna sake ginuwa ko ta cutar tsokar kanta. Idan kuma ka ga gungun ƙananan zaruruwa masu kaifin kusurwa a matse tsakanin manya, to hankali ya koma kan jijiyar da ke ba su umarni, kuma abin da za a rubuta ke nan a bayanin samfurin.